Oga Sadisu Ya Dawo Daga Kwas

Ku da kuke ganinmu da kwamfuta a jaka kuna cewa muna can muna shan sanyin ofis, ku matso in ba ku labarin wurin aikinmu, kowa ya gode wa Allah da sana'arsa.

Kamfanin namu ƙarami ne, a saman wani bene a Kano. Mai shi Alhaji Gambo, babban manomin rani ne daga wajen Kura, tumatir ne ya yi masa rana. Shi ya ce a yi masa manhajar waya da za ta riƙa haɗa manomi da direban mota kafin kaya su ruɓe a bakin gona. Alhaji bai san komai a kwamfuta ba, kuma bai taɓa cewa ya sani ba, sai ya ɗauko manaja ya ɗora mana, Oga Sadisu. Ni aikina gwaji, in an rubuta abu in yi ta latsawa har in gano inda zai fashe. Wadda ke riƙe da ainihin rubutun manhajar kuwa Zuwaira ce, 'yar Haɗeja, ba ta da hayaniya, kuma da wannan aikin take riƙe da tsohuwarta da ƙannenta.

Muna zaman zamanmu aka tura Oga kwas Legas. Ya tafi lafiya ƙalau, wallahi. Da ya dawo sai ya tara mu ya ce ashe duk a duhu muke, shi yanzu ya karanto kimiyyar sarƙaƙiya. Wai ma'aikata ba inji ba ne, abu ne mai rai. Wai ba mai iya sanin gobe, kuma ba mutum ɗaya ke jawo nasara ko faɗuwa ba, komai ɓullowa yake yi da kansa daga cuɗanyar jama'a. Ya kunna mana bidiyon wasu tsuntsaye sun rufe sama, suna juyawa gaba ɗaya.

Ya ce, "Kun ga shugaba a cikinsu? Babu! Haka nake so ku zama."

Zuwaira ta leƙa ta ce, "Oga, ai jan-baki ne. Su suka cinye wa maƙwabtanmu gero bara."

Oga ya ce, "Kin gani ko? Gona guda suka cinye, ba manaja!"

Daga nan ya kafa doka. Ya ce, "Daga yau na umarce ku, ku tsara kanku da kanku, ba ruwana. Amma duk abin da za ku tsara ku fara sanar da ni." Na dubi Nazifi, abokin aikinmu, shi ma ya dube ni.

Sai aka shigo da taron tsaye. Wai kullum da safe a tsaya a tsaye, kowa ya faɗi abin da ya yi jiya da wanda zai yi yau, saboda in ƙafa ta gaji baki zai taƙaita. To an kwashe kujeru kam, amma an bar guda ɗaya, don Oga yana fama da ciwon baya. Mu muna tsaye, shi yana kishingiɗe yana ba mu labarin tururuwa da ƙudan zuma, har Nazifi ya koyi barci a jingine da bango. Bangon kuma an cika shi da 'yan takardu masu gam, kowace da aikin da za a yi. Mun yarda a tsakaninmu cewa in mun ɗauki aiki sai mun kai shi ƙarshe kafin mu taɓa wani. Ina! Kafin rana ta yi zafi Oga ya ɓalle rabi ya manna sababbi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wannan "buɗe in gani" tasa. Zuwaira za ta fara gina sashen direbobi, washegari ya tsaya a kanta: "Buɗe in gani." Ta buɗe, ya ga bai kammala ba, yo dama yaushe aka fara? Sai ya girgiza kai ya ce wannan hanyar ba ta ɓulle ba, a warware a gwada wata. A gwada watan, gari na wayewa, "Buɗe in gani." Yau taswira, gobe saƙon murya saboda surukinsa ya ce manoma ba sa son karatu, jibi a koma taswira. In ta ce a ba aikin lokaci, sai ya ce tsoron canji ke damunta, abu mai rai dole ya zauna a bakin ramin hargitsi. Mu dai Allah ya sani ba a baki muke ba, mun daɗe da faɗawa ciki.

Duk da haka yarinyar nan ta lallaɓa ta haɗa abu mai aiki. Ni na gwada da hannuna, ka nemi mota, mota ta amsa. Tumatir ya fara nuna, Alhaji ya sa ranar da zai zo da shugabannin manoma da na direbobi su gani da idonsu.

Ana gobe za su zo, Oga ya shigo yana murna. Ya ga wani salo a wayar abokinsa, wai maimakon a nemo direba mafi kusa, a bar manhajar ta zaɓa da kanta, a ga abin da zai ɓullo.

Zuwaira ta ce, "Oga, don girman Allah a bar shi haka. Yana aiki. In baƙi sun tafi sai mu gwada naka."

Ya ce, "Kuskure makaranta ne, Zuwaira. A wannan ofis babu mai laifi. Warware."

Ta warware.

Baƙi suka zo, manyan riguna, an shimfiɗa musu darduma, an raba lemo. Aka ba wani dattijon manomi, Malam Ɗanjuma, waya aka ce ya nemi mota. Ya latsa. Wayar ta yi ta tunani, ta yi ta tunani, can sai wayar manomin da ke zaune kusa da shi ta ɗauki ƙara, wai an haɗa shi da kwando ɗari ya kai Legas. Mutumin ya ce shi ko amalanke ba shi da ita. Aka sake latsawa, ta haɗa shugaban direbobi da mataimakinsa. Dariyar da aka yi a ɗakin nan har yanzu in na tuna sai in ji kunya ta rufe ni. Suka shanye lemonsu suka sauka.

Alhaji bai ɗaga murya ba. Ya zauna a kujerar nan guda ɗaya, mu duka muna tsaye, har da mai ciwon baya. Ya ce, "Wa ya yi mini wannan?"

Jama'a, mutumin da ya ishe mu da cewa ba mutum ɗaya ke jawo faɗuwa ba, kafin Alhaji ya rufe baki ya riga ya miƙa yatsa. "Ita ke riƙe da rubutun, ranka ya daɗe. Yau ɗin nan zan sallame ta." Raina ya ɓaci, na buɗe baki zan yi magana, Alhaji ya ɗaga mini hannu. Zuwaira dai kanta na ƙasa, ta damƙe bakin mayafinta.

Alhaji ya ce, "To kai fa, Sadisu, mene ne naka a ciki?"

Oga ya gyara wuyan riga, ya yi murmushi. "Alhaji, a ilimin yanzu manaja ba ya sa hannu a aiki. Ni mai lambu ne, kai ka fi kowa sanin wannan. Mai lambu ba shi ke sa shuka ta girma ba. Nasa ya gyara ƙasa, ya ba da ruwa, ya sa ido. In iri ya ƙi, ai sai a sake iri."

Na ga Alhaji yana gyaɗa kai, maganar ta shige shi, na ce shi ke nan, yarinya ta tafi. Ya juya wajenta ya ce, "'Yata, kin ji. Haka ne? Mai lambu ne?"

Ta ɗan rusuna ta ce, "Ƙwarai kuwa, Baba Alhaji, ban taɓa ganin mai lambu mai kula irinsa ba. Kullum da safe sai ya tumɓuke shukar ya duba ko ta yi saiwa."