Yadda Za Ka Ɗauki Lauya Ya Tsare Maka Injin Ɓare Albasa

Ka ƙera abu da hannunka, kana tsoron a kwaikwaya? Kwantar da hankalinka. Bi matakan nan yadda maƙwabcina Darmaji ya bi su a nan garinmu Brebes, na yi maka alkawari sunanka zai shiga bakin kowa. Yadda zai shiga ne ban yi alkawari ba.

1. Ka fara ƙera abin

Lauya ba ya tsare mafarki. Shekara uku Darmaji ya yi a bayan gida da tsohon injin wanki da rabin ganga, ciyawa ta cinye gonarsa, har ya fito da injin da ke ɓare kwandon albasa kafin shayi ya huce. Matarsa Sumini, mai kiransa Mas yadda matan nan ke kiran miji, ta ce, "Mas, in abin nan bai ciyar da gidan nan ba, shi zai riƙa dafa maka shinkafa."

2. Ka yi walima

A garin nan ko babur ka saya ba ka hawa sai an yi masa addu'a, balle inji. Ka sa a tula shinkafa mai kurkum, a yanka kaji, a kira liman. Kada ka ware kowa, ƙin gayyata gaba ce. Darmaji har Kasmin mai walda ya zaunar a sahun gaba. Da aka shafa, jama'a suka ce a kunna. Ya kunna, ya buɗe cikin, ya yi bayani dalla-dalla. Kasmin yana cin cinyar kaza da dama, yana auna ganga da hagu.

3. Ka jira

Kada ka yi gaggawa. Bayan shekara biyu za ka ga injinka a kasuwa, goma sha ɗaya a jere, da shuɗin fenti da sunan Kasmin. To yanzu lokacin lauya ya yi.

4. Ka zaɓi lauya

Ba na rikicin gona ba, ba na saki ba. Akwai masu nema wa mutum takardar hukuma mai cewa ƙirƙirarsa tasa ce, a birnin Semarang suke. Ka duba sanyin ofis: in haƙoranka ba su kaɗa ba, ba ƙwararre ba ne. Mu Bu Winarsih muka samu (Bu a nan kamar Malama ce, Pak kuma Malam), muka je mata da tsarabar ƙwan agwagwa mai gishiri.

5. Ka ɓoye mata sirrin

Darmaji ya shiga da injin ɗaure cikin buhu, ya ɗora ƙafa a kai.

"Pak, buɗe mu gani."

"A'a, Bu. An cuce ni sau ɗaya."

"To me zan rubuta?"

"Rubuta cewa nawa ne."

Mutum ɗaya a duniya ya kamata ya ga cikin injin nan. Ita za ka hana.

6. Ka amsa tambaya da alfahari

"Kafin yau akwai wanda ya gan shi?"

"Ba kowa, Bu. Na gida ne kawai."

"Su nawa?"

"Ba su fi ɗari biyu ba. Ban da na bakin taga."

Ya ciro waya ya nuna mata hoton walimar, ga injin a buɗe, ga kan Kasmin a ciki. Ta cire tabarau ta ajiye.

"Pak, sabon abu hukuma take ba takarda. Abin da gari ya gani tun shekara biyu ba sabo ba ne. Da ka fara zuwa nan, sannan walima."

"Takarda ta riga addu'a? A wane gari ake haka?"

"A garin da mutum ke son injinsa. In ka ƙara wani abin da ba wanda ya gani, ka kawo mini. Ni kaɗai."

Ƙwan dai ta karɓa.

7. Ka sake yin walima

Wata huɗu Darmaji ya kulle kansa, ya haɗa wata fanka mai janye yajin albasa, mata su yi aiki ba hawaye. Labari ya fita, maƙwabta suka fara tambayar ranar cin kaji. Ƙin yi abin kunya ne, don haka ya yi. Aka ajiye akwati a tsakiyar tabarma, an buge shi da ƙusa ta ko'ina. Liman ya yi addu'a. Kasmin ya matso ya ɗaga akwatin, ya girgiza, ya kara kunne.

"Da nauyi, Pak."

"Ci kazarka, Kasmin."

Da jama'a suka watse, Sumini ta ɓalle murfin. Bulo huɗu ne a ciki. Fankar tun Litinin tana kan teburin Bu Winarsih.

"Mas, bulo aka yi wa addu'a?"

"Addu'a ta san hanyar Semarang."

Gargaɗi

In takardarka ba ta fito ba, ko matarka ta daina girki, ko liman ya ji labarin bulo, ba ruwana. Ban san ka ba, ban taɓa zuwa Semarang ba, kuma ba ni na ba Darmaji bulon ba. Aro ya yi a wurina.