Sunan Da Na Sato A Bakin Inna

Ko da zan manta da komai na zaman jami'a, ba zan taɓa mantawa da ranar da na kunyata wata tsohuwa a gaban jama'arta ba. Har yau in na tuna sai na ji kunnuwana sun ɗau zafi.

Lokacin ina shekarar ƙarshe a nazarin al'adu, Dutse ba ta daɗe da zama babban birnin jiha ba. Aka ce kowa ya je ya zauna da wasu mutane ya rubuto yadda suke rayuwa. Ni da yake ina ji da kaina, sai na zaɓi wata ruga can arewa da Garki, dab da iyakar Nijar, mutanen da damina ke samunsu a wannan ƙasa, rani ya same su a waccan. Na ce ai dangina ne, tun da kakana ma makiyayi ne. (Fulatancin nawa kuwa bai wuce gaisuwa ba, ita ma sai an gyara min.)

Malaminmu ya sha nanata mana cewa kada ka ɗauki maganar mutum sai ya san abin da za ka yi da ita, kuma ya ce ya yarda. Tambayar nan ta fito a jarrabawa, ni ce ma na fi kowa maki. Don Allah ku riƙe wannan.

Na isa da littafina da wata 'yar rikoda da yayana ya ara min bayan ya ja min kunne ya fi sau goma. Na durƙusa gaban Arɗo, shugaban rugar, na karanta masa takardar neman izini. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "'Yata, zama dai na yarda ki zauna. Amma bakin kowa nasa ne, ba ni nake riƙe da shi ba."

Na ce, "To, Baffa." A raina kuwa na ce shi ke nan, tun da babba ya yarda an gama.

Aka sauke ni a bukkar wata dattijuwa da kowa ke ce wa Inna. Ita ke dama min fura, ita ta cire min ƙaya a ƙafa tana min dariyar takalmin 'yan birni. Ga labari a bakinta! Iyakar da muke zanawa a taswira, ita a wajenta wata tsamiya ce da masu kaki ke zama a gindinta, kuma ta girmi zamansu a wurin. Sai dai da na fito da rikoda, sai ta ja baki ta tsuke. Rannan da hantsi tana kaɗa nono a gora, ta dube ni ta ce, "Mayar da akwatin nan jaka, 'yar Dutse. Da ke nake magana, ba da shi ba."

Na mayar da ita jaka. Amma sai da na danna jan maɓallin nan tukuna.

Ranar ce kuwa ta buɗe min cikinta. Ta ba ni labarin ɗanta na fari, wanda ya sami saɓani da ƙanen mahaifinsa, ya kora shanunsa ya tsallaka Nijar, shekara bakwai ko saƙo. Kun dai san alkunyar ɗan fari: uwa ba ta kiran sunansa, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Ni ma na sani sarai, don babata har gobe "wancan" take ce wa yayana. Inna ta ce, "Shekara arba'in ban faɗi sunansa ba, ko a gaban saniya." Sai ta dakata da kaɗa gorar, ta leƙa ƙofar bukka, ta ga ba kowa. Ta faɗi sunan a hankali, sau uku, ta goge ido da gefen zane.

Wallahi ni ma na yi hawaye. Amma kunnena ɗaya yana kan jaka, kada kaset ya ƙare ya yi ƙara ya tona min asiri. Har ina cewa a raina, babi na huɗu na rubutuna ya samu. Kun ji irin mutumiyar da nake a lokacin.

Ana gobe zan tafi aka yi suna a rugar. Mata suka taru da la'asar, har da na rugagen maƙwabta. Dama kwana biyu kafin nan 'yan mata sun yi min waƙa da yardarsu, sai suka matsa lallai sai sun ji muryarsu. Ni kuwa abin nema ya samu. Na kife turmi a tsakiyar fili, na ɗora rikoda, na gyara ɗankwali, na ƙure murya har ƙarshe. Na ce kowa ya yi shiru ya ga ikon boko.

Kasakasaina duk na rubuta musu suna, ban da guda biyu: na waƙar, don na manta, da na Inna, don ban so ko alƙalamina ya sani ba. Na zaro ɗaya na saka.

Maimakon waƙa sai aka ji ƙarar nono a gora. Mata suka fashe da dariya, wata ta ce akwatin yunwa yake ji. Ni kuwa nan take na gane. Sai ga muryar Inna ta cika filin: "Ko a gaban saniya."

Na yi tsalle na kai hannu. Maɓallin tsayarwa da na danna ya fi sau ɗari a rayuwata, ranar na neme shi na rasa. Na danna wannan, na danna wancan, na kaɗe rikodar ta faɗo daga kan turmi tana ci gaba da magana a ƙasa. Kafin in ɓalle murfin batir, sunan ya fita sau uku cif. Batiran suka gangara ƙarƙashin ƙwaryar wata baƙuwa, ni kuma ina rarrafe a ƙasa ina binsu.

Ba wanda ya yi dariya, kuma da an yi da ya fi min sauƙi. Matar ɗan nata, wadda ya bari a rugar, ta sunkuyar da kai. Inna ta miƙe, ta ja mayafi ta rufe fuska, ta wuce bukkarta ba ta kalli kowa ba.

Na daɗe a ƙofar bukkar kafin in iya yin sallama. Na durƙusa na fara zuba, wai don ilimi ne, wai ba zan sa sunanta a littafi ba. Ta ɗaga min hannu.

Ta ce, "Yana ciki har yanzu?"

Na ce, "Yana ciki, Inna."

"Kunna in ji."

Na kunna ƙasa-ƙasa. Ta kasa kunne har ƙarshe, sannan ta ce, "Ashe haka yake a bakina." Ta miƙo hannu, na ciro kaset ɗin na ba ta. Ta saka shi cikin ƙwarya ta rufe da faifai.

Ta ce, "Da kin tambaye ni, 'yar Dutse."

Ni da shegen baki sai na ce, "Da kin yarda, Inna?"

Ta ce, "A'a. Amma da ni ce na ce a'a."

Washegari duk da haka sai da ta cika min gora da kindirmo na hanya. Na yi kuka daga rugar har Garki. Babi na huɗu kuwa ya fito siriri, malaminmu ya rubuta a gefe cewa da alama ban saki jiki da mutanen ba.

Sai bayan shekaru, lokacin ana ta hidimar ƙaddamar da shari'ar Musulunci, ina aiki a Dutse har da goyo, na sami ƙarfin halin komawa. Na tarar da Inna ta tsufa ƙwarai, ga wani dogon mutum mai furfura a gemu yana ɗaure maruƙa a bayan bukkarta. Ta nuna shi da haɓa ta ce, "Wancan ya dawo." Ashe wani mai fataucin shanu ta ba kaset ɗin ya tsallaka Nijar ya kai wa ɗan nata.

Nan fa kaina ya fara kumbura, har na buɗe baki. Ta riga ni. "Kul! Kada ki ce ke kika dawo da shi. Ke sata kika yi. Ni ce na aika."

Na haɗiye maganata. Can na ce, "Inna, ina so wata rana in rubuta abin da ya faru. Kin yarda?"

Ta yi dariya har da tari. Ta ce, "Yau kuma an iya tambaya? Rubuta. Wautar taki ce. Sunan kuwa nawa ne, ki bar min abina."

To ga wautar nan na rubuta muku, ban rage komai ba. Darasin da na ci da maki mafi yawa a aji, sai da na yi rarrafe a gaban matan ruga uku sannan ya shiga kaina. Sunan kuma ina jin sa a kunnena har yanzu, amma kada ma ku tambaye ni. Ba a ba ni izini ba.