Habila a Rafin Baftisma

Wani mutum ne a cocin garinmu, ana ce masa Baba Habila. In dai baki ne, Allah ya ba shi. Ya taɓa yin tafiya ya dawo da wata jar hula, shi ke nan, wai Urushalima ya je. Tun daga nan kunnuwanmu ba su huta ba.

"Kogin Urdun? Ni na haye shi da iyo, na dawo, na sake komawa don na manta takalmina a can!"

Abin da yake nema ɗaya ne, kujerar dattawan ikilisiya, waccan mai laushi da ke gaba kusa da Fasto. Ga zaɓe ya matso.

To, mu a rafi ake mana baftisma. Kuma kafin Fasto ya shiga, sai wani dattijo ya fara shiga da sanda ya gwada zurfin, ya tsaya a ciki yana tare masu santsin ƙafa. Bana mai yin aikin, ƙafarsa ta kumbura. Sai Fasto Irmiya ya ce a gaban jama'a, "Ai muna da gwani. Baba Habila, kai za ka shiga mana."

Coci ta ɗauki tafi, raf raf raf! Habila ya yi murmushin yaƙe. Mutumin da ko a kwano bai iya iyo ba! In ya ce a'a, kujera ta tafi.

Ran Lahadi ya samo galan biyu na kunu, babu komai ciki, ya toshe su tam, ya ɗaure da igiya a ƙugu ta baya, ya zuba babbar riga a kai. Ya taho rafi yana tafiya kamar agwagwa.

Mama Damaris, shugabar zumuntar mata, ta bi shi da kallo. "Baba, ƙiba ka yi a baya haka?"

"Albarka ce, Mama."

Mawaƙa suka ta da waƙa, mata suna buga tulu. Habila ya karɓi sanda, ya ɗaga wa jama'a hannu, ya shiga. Ruwa iya gwiwa. Iya cinya. Ya waiwayo yana washe baki.

"Wannan ai a Urdun wankin ƙafa ne!"

Ya ƙara taku. Galan suka ji ruwa, suka ce sama za su. Wuf! Ƙafafu suka bar ƙasa, kai ya yi ƙasa, tsulum! Babbar riga ta kife masa a ka. Ba abin da ake gani sai bayan Baba Habila a sama da galan biyu rawaya, yana juyi a kan ruwa kamar ƙwarya.

Ya ɗago kai. "Fasto! Bulul... ku cece... bulul!" Ya koma.

Mawaƙan baya ba su ga komai ba, suka ƙara murya. Fasto ya yar da takalmi ya faɗa ruwan, ashe iya ƙirjinsa ne ma. Ya danna galan ƙasa don mutum ya miƙe, galan suka dawo sama, bul! Ya sake dannawa, bul! Sai da Mama Damaris ta miƙa gorar tsinkar mangwaro ta maƙalo igiyar, mata suka ja shi gaɓa kamar an kama babbar tarwaɗa.

Yana kwance yana aman ruwa, bai fasa ba. "Ruwan... ruwan Urdun ba haka yake ba."

Mama Damaris ta ƙwanƙwasa galan ɗaya, ƙwam ƙwam, ta juya wajen Fasto.

"Fasto, ka gani da idonka. Kai ya nutse, ƙafa ta nutse, ɗuwawun nan ne kaɗai ya ƙi baftisma. Kuma da shi za a hau mana kujerar dattawa?"