Barewar Walima da Harsashin Dalma

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa zai sa in manta sunan ƙauyenmu, da ranar da na fizge farantin shinkafa daga gaban dattawan Madina a tsakiyar walimar aure. Ni da hannuna, ba wanda ya aike ni. Amma bari in faro daga tushe, kada ku ɗauka taɓin hankali ne ya same ni.

Wajajen shekara ta dubu biyu ne. Ina aikin dako a wani shagon kayan gini a unguwar Aƙiƙ ta Madina, sai mai shagon, wanda shi ne kafilina (wato mutumin da takardar zamana a ƙasar take rataye da sunansa), ya ce zai rufe ya koma Jidda. Iƙamata kuwa, wato takardar zaman nan, ta kusa mutuwa. In ban sami wanda zai karɓi kafalata ba, sai jirgi, in koma wa matata da 'ya'yana da kwalin dabino da jarkar zamzam, in ce musu ga abin da na tara. Tsoro ya kama ni ƙwarai, har abinci ya daina yi mini daɗi.

A nan ne Ammu Sale, wato Baffa Sale da Larabci, ya shigo labarin. Dattijo ne ɗan ƙasa, kakansa ya taho aikin hajji a ƙafa daga ƙasar Katsina bai koma ba. Gidansa yana Ƙuba, yana kuma da gona can bayan gari, bayan an wuce iyakar Harami, inda yake da dabino da tumaki da 'yan barewa da yake kiwo a wani makeken shinge. Mai kula masa da gonar ya tsufa ya koma Nijar, ana neman wani. Duk ɗan cirani mai matsalar takarda a unguwar ya ji labari, saboda haka majalisar shayin Ammu ta bayan magariba ta cika da masu gaisuwa irina.

Kowa da abin da yake tallata kansa da shi. Wani ya iya gyaran injin ban ruwa, wani ya iya hawan dabino. Ni kuwa sai na ɗauko ubana. Na ce ni ɗan maharbi ne, kuma wallahi ba ƙarya na yi ba. Babana shi manoma suke kira idan gadu, aladen dajin nan mai haure, ya addabi rogonsu. Da idona na sha ganin yana narka dalmar tsohon batirin mota a ludayin ƙarfe yana zuba harsashin bindigarsa ta toka, kuma ya koya mini harbi tun ban kai bindigar tsawo ba. (Inda na ɗan ƙara gishiri shi ne yawan gadun. Kowane zama sai sun hayayyafa.) Tun daga nan sunana ya ɓace, na koma Ɗan Maharbi.

Ana haka sai auren Majid, ɗan Ammu, ya taso. Ammu ya ce farantin manya ba rago za a ɗora masa ba, barewa za a ɗora, don surukansa su san gidan da 'yarsu ta shiga. To barewa ba tunkiya ba ce da za ka riƙo ƙahonta. In ka kore ta a cikin shinge, sai ta yi ta dukan waya har ta karya ƙafa, ta kuma firgita sauran. Dole a harbe ta daga nesa a yi maza a yanka.

Ammu ya dube ni ta saman kofin shayinsa ya ce, "Yalla, ya Ɗan Maharbi, ga ranarka. Mun ji baki, saura mu ga hannu."

Na san ba barewa kaɗai za a harba ba, har da iƙamata.

Da sassafe muka isa gonar, ni da Ammu da ango. Majid irin samarin nan ne haifaffun Madina, ka yi masa Hausa ya ji sarai, ya mayar maka da Larabci. Ya fito da bindigarsa mai lasisi, doguwa mai madubi a sama, ya ajiye kwalayen harsashi biyu a bayan mota. Ya buɗe na farko, harsasan suna ƙyalli ja-ja-ja.

"Hada nahas, ya akhi. Nadif," in ji shi. Ya yi mini bayani cewa jan ƙarfe ne zalla, wani abokinsa da suke zuwa farauta Sudan ya ba shi. Yana shiga dabba ya buɗe baki, ya fita ta ɗaya gefen a dunƙulensa, ba ya barin komai a ciki. Na ɗaya kwalin kuwa mai kan dalma ne, ya ce shi wannan tarwatsewa yake yi.

Da na yi shiru na ɗauki ja, da ba ku sami labari ba. Amma Ammu yana tsaye yana kallo, ni kuma ina neman inda zan nuna ni ɗan gado ne. Sai na gyara tsayuwa na buɗe makaranta.

Na ce, "Haba Majid, jan ƙarfe ai na wayar lantarki ne da awarwaron mata. Tarwatsewar da kake raina wa dalma ita ce amfaninta. Tana da nauyi, tana da taushi, in ta shiga sai ta baje ta sauke duk ƙarfinta a ciki, dabba ta faɗi nan take. Gadu da fatarsa kamar tayar mota, da me babana yake kayar da shi? Naka mai wucewa ya fita, ai sai dabba ta ruga da rauni muna binta."

Majid ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Ala kefak," wato yadda ka ga dama. Ammu ya shafa gemu.

Na ɗora bindiga a kan katangar rijiya, na zaɓi wani namiji mai ƙiba da ya ware daga garke. Na ɗura harsashin dalma. Na yi bisimilla na danna. Barewa ta zube a inda take tsaye, ko taku ɗaya ba ta ƙara ba. Na ruga da wuƙa na yanka, ina jin Ammu a bayana yana ta "Ma sha Allah! Ma sha Allah, ya waladi!", wato ɗana. Ranar ji na yi kamar an ba ni gonar kyauta.

Ni na feɗe ta da kaina. A kafaɗa, inda harsashi ya shiga, na zura yatsa na zaro wani ɗan faifan dalma da ya baje kamar kwabo. Na ɗaga shi sama kowa ya gani, na ce, "Ga shi, Majid, ka ga aikin dalma." Na wanke wurin da ruwa, na miƙa naman ga masu dafa abinci, ina da yaƙinin na fitar da harsashin kaf. Ban tsaya na tambayi kaina ba me ya sa abin da na zaro bai kai rabin abin da na harba ba.

Washegari bayan sallar Juma'a aka yi walima a wani zauren biki a Ƙiblatain. An shimfiɗa ledar cin abinci a ƙasa, maza sun zagaye farantai, ko'ina fararen riguna da ƙanshin turaren wuta. Ni ina can baya cikin 'yan'uwana 'yan cirani, sai ga aike wai Ammu yana kirana farantin manya. Na miƙe ina tafiya a hankali, don abokan takarata su sami damar kallona da kyau.

Ammu ya zaunar da ni kusa da uban amarya, Shehu Idrisu, wani tsoho siriri mai Hausar mutanen Sudan, ya ce, "Ga wanda ya kayar da ita, ya Shehu. Harsashi wahid, halas," wato ɗaya tak, shi ke nan.

Al'adar wurin, ƙarami a faranti shi ke yagar nama yana turawa gaban manya. Na naɗe hannun riga na nufi kafaɗa, tunda nan ne ya fi laushi, na yi ta yagowa ina tara wa kowane dattijo a gabansa. Shehu ya tambaye ni da wane irin harsashi na yi aikin. Wayyo, da ma bai tambaya ba. Na sake buɗe makarantar jiya, har da ƙarin darasi, na kawo gadu na kawo babana, na zolayi ango da jan ƙarfensa, dattawa suna cin shinkafa suna gyaɗa kai. Na rufe jawabi da cewa, "Dalma, ya Shehu, tun kaka da kakanni ba ta taɓa cutar da kowa ba sai dabba."

Na jefa tsokar nama a baki don in sa wa maganar hatimi. Na tauna.

Ƙaras!

Wani zafi ya tashi daga muƙamuƙina ya harbi tsakiyar kaina. Na kai harshe, na ji abu biyu suna yawo a bakina, ɗaya ɓarin haƙorina na gefe, ɗaya wani abu mai tauri kamar ƙwayar dawa. Na sunkuya na dubi naman da na tara wa dattawa, sai ga ɗigo-ɗigon toka-toka suna leƙe daga cikin tsoka. A lokacin ne kaina ya buɗe. Bindigar babana ta toka ce, tana tura dalma a hankali ta tsaya a dunƙule. Ta Majid kuwa da ƙarfinta ta niƙa dalmar ta watsa ta cikin kafaɗar nan gaba ɗaya. Kuma gadun da nake ta kafa hujja da shi, wa ya taɓa cin sa a gidanmu?

Ba wanda ya lura da ni. Ina iya haɗiye haƙori da dalma, in yi murmushi da baki rufe, in roƙi Allah ya sa kowa ya tauna ta gefen sa'a. Ba zan ɓoye muku ba, na yi wannan tunanin, har na fara tara yawu. Sai na ga Shehu Idrisu ya dunƙula nama da shinkafa ya nufi baki da shi, ya buɗe bakin, na hango 'yan haƙoran da suka rage masa suna tsaye ɗai-ɗai kamar turakun tsohuwar danga.

Na cafke wuyan hannunsa na kwatsa ihu, "Kar ka ci!" Da ɗaya hannun na fizgo farantin. Faranti ya karkace, shinkafa da romo suka kife a kan farar rigar Ammu, kwanon yajin tumatir ya bi baya. Ango ya taso da gudu yana "Esh fi? Esh fi?", wato me ya faru. Ni kuma ga ni durƙushe, riƙe da hannun surukin gida, jini yana bin haɓata.

Na tofa abin da ke bakina a tafin hannu na miƙa musu, ɓarin haƙori da ƙwayar dalma.

Shehu Idrisu ya leƙa tafin hannuna, ya dube ni, ya ce a natse, "To, ɗana, ai kai ka ce ba ta cutar da kowa sai dabba."

Dariyar da aka yi, na tabbata an ji ta a ɓangaren mata. Majid har da zama a ƙasa yana riƙe ciki. Na tashi na nufi wurin wanke hannu, ina ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ina kurkure baki ina lissafin abin da zan faɗa wa matata a filin jirgin Kano.

Sai ga Ammu ya shigo, gabansa duk jan romo. Ya tsaya yana kallona ta madubi.

"Ka ɓata mini riga, ka ɓata mini barewa, ka zubar da abinci gaban surukaina," in ji shi.

Na ce, "Haka ne, Ammu. A gafarce ni."

"Tayyib. Me ya hana ka haɗiye ka yi shiru? Da wa zai sani?"

Na ce, "Na so in haɗiye, Ammu. Bakin Shehu na gani."

Ya buɗe famfo ya fara goge rigarsa. Can ya ce, "Gonar nan tana da nisa, ya waladi, sai in yi mako ban leƙa ta ba. Masu iya aiki suna da yawa. Ni wanda in ya yi ɓarna zai yi ihu nake nema. Ranar Asabar ka kawo mini fasfo da iƙama." Ya kai bakin ƙofa ya juyo. "Amma harsashi, Majid ne zai riƙa zaɓa."

Jama'a, na fito daga wurin nan baki a kumbure, ina takawa kamar ni ne angon. Abokan takarata suna ta dariya suna nuna ni, ni kuma ina yi musu murmushi da giɓina, don na san abin da ba su sani ba.

Ammu da kansa ya kai ni wurin likitan haƙori, aka rufe ɓarin da na zinariya. Da na je gida hutu, duk wanda na yi wa dariya sai ya ce, "Alhaji, an yo haƙorin Makka ke nan!" Ina amsawa da "Alhamdu lillahi," ba na ƙara komai. Mahaifiyata kaɗai na ba gaskiyar labari. Ta yi dariya har da hawaye, ta ce, "Kai da ubanka duk ɗaya. Shi ma harbin kawai ya iya. Duk barewar da ya kawo gidan nan, ni nake zama da wuƙa in yanke wurin raunin in jefar, in bi sauran da yatsa. Kuna can kuna ba da labari."

Darasin da na samu ke nan, kuma da haƙori na biya kuɗin makarantar. Gadu mai cin rogo, ɗirka masa duk abin da ka samu. Amma dabbar da za ta hau faranti, kafin ka zaɓi harsashi ka fara tambaya bakin wa za ta shiga, don yana iya zama naka.