Dawisun Hawa Na Huɗu

Duk faɗin New York babu wanda Allah ya yi wa baiwar farin jini kamar Mista Lucian Pomeroy. Ba ƙage muka yi masa ba. Daga bakinsa muka ji, kuma ba sau ɗaya ba.

Mu tsofaffin unguwa mun san shi tun yana Lucjan Pomorski, yana sauke kwanonin masai daga motar babansa. Da kasuwa ta buɗe masa sai ya datse wutsiyar sunan, ya hana kowa kiransa mai sayar da kayan banɗaki. Shi, in ji shi, mai tsara natsuwar manyan mutane ne.

Lokacin da aka mai da tsohuwar hanyar jirgin ƙasan nan ta sama lambun shaƙatawa, aka shuka furanni tsakanin ƙarafan dogo, duniya ta taso tana yawo a bisa kawunanmu, Mista Pomeroy ya sayi gida a hawa na huɗu na wani bene mai bangon gilashi, dab da lambun. Kusancin har ya kai mai wucewa zai iya gane abin da aka shafa wa burodinsa.

Kullum da hantsi yakan fito gaban gilashin cikin jar rigar siliki, da kofin kofi a hannu. Kullum kuwa sai ya tarar da cincirindon mutane a ƙasa, kai a ɗage, wayoyi a sama. Sai ya ɗaga musu hannu a hankali, irin na wanda ya saba da kaya. Daga nan muka raɗa masa Dawisu.

"Abin da gajiya, Hortensia," ya ce mini wata rana a shagon wanki. "Amma mutum ya taso tun daga Japan, in hana shi ganina? Ai ba tausayi."

Shi kansa bai taɓa taka lambun ba. Wurin da kowa da kowa ke shiga kyauta, a cewarsa, an yi shi ne don a dube shi daga sama.

Abu ɗaya ya hana Dawisu barci: kujera a kwamitin masu kula da lambun. Shugabar kwamitin wata tsohuwa ce, Misis Rosalind Ashby, mai sanda da ƙarancin magana, wadda kakanninta suka yi kuɗi tun kuɗi na da kunya. Ya bi ta da furanni, ya bi ta da gaisuwa, har ta yarda su zaga lambun tare ranar wata Asabar, daga nan su wuce gidansa cin abinci. Bai faɗa mata inda gidan yake ba. So yake ta gani da idonta yadda jama'a ke yi masa. Matarsa Bernadette kuwa tun jajibiri take fama da kyafaffen kifi da kek.

Ranar ina bayansu, don ni ma ina da 'yancin shan iska, kuma kunnena lafiyarsa ƙalau.

Tun daga matakala ya fara jawabi. "Madam, wannan lambu ɗana ne. Lokacin da wawaye ke cewa a rushe, ni kaɗai na hango." Ya nuna wata ciyawa da tsinin lemarsa. "Wannan daga tsaunukan Italiya aka kawo ta, bisa shawarata." Misis Ashby ta ce, "Uhm." Ya ɗauki wannan a matsayin yabo, ya ƙara wuta. Ya bayyana mata yadda jirgin ƙasa yake tafiya. Ya bayyana mata kogin Hudson, yana nuna shi kamar shi ya haƙa.

Suna shan kwana sai ga benen gilashi, ga taron mutane a gindinsa kamar kullum.

"Ki yi haƙuri da abin da zai faru yanzu, Madam," ya ce yana gyara wuyan kwat. "Ba sa iya kame kansu."

Ya kutsa tsakiyarsu, ya yi gyaran murya. Ba wanda ya waiwayo. Ya sake yi da ƙarfi. Wani ƙato mai hular ƙwallo ya ce, "Dattijo, in tari kake ka matsa can, kana tare mini."

Sai a lokacin Mista Pomeroy ya ɗaga kai, ya ga gidansa yadda duniya ke ganinsa. A kan wani ɗan dakali, daidai saman gilashinsa, inda na ciki ba zai taɓa hangowa ba, wata uwar shaho ta yi sheƙa. Tana tsaye tana yayyaga ɓera tana sa wa 'ya'yanta a baki.

"Yau mun taki sa'a," in ji wata mata mai tabarau mai jawo nesa kusa. "Mutum-mutumin bai fito ba."

"Wane ne haka?" Misis Ashby ta tambaya.

"Wani tsoho ne mai jar riga. Da uwar ta sauka sai ya ɓullo yana kaɗa hannu, ta firgita ta tashi. Mu yi ta yi masa alama ya koma ciki, shi kuwa ya ƙara washe baki."

"Ni ihu na taɓa yi masa," in ji ƙaton. "Wallahi sai ya rusuna mini."

Aka kwashe da dariya. Misis Ashby ta juyo. "Mista Pomeroy, kai ɗan unguwa ne. Ka san shi?"

Nan ne mai hankali zai yi dariya ya ce ni ne, a wuce wurin. Amma gwano ba ya jin warin jikinsa.

"Na san irinsu, Madam!" ya ce. "Jahilai ne da kuɗi ya faɗo wa a ka. Ba su san tsuntsu ba, ba su san fure ba, kansu kawai suka sani. In na hau kwamiti, irin wannan mutum sai ya bar unguwar nan!"

Aka tafa masa. Tafi na gaskiya, karo na farko a rayuwarsa. Daɗi ya kwashe shi, ya ci gaba da zagin mai jar riga har ya taɓo iyayensa.

Yana tsaka da haka sai ga Bernadette a gaban gilashi, da cokali a hannu, tana leƙen ko baƙuwa ta kusa. Ta hango mijinta. Ta hau kaɗa hannu bibbiyu. Uwar shaho ta yi fir ta tashi, taro ya ɗauki "Kash!" Bernadette ta ga bai amsa ba, ta ciro waya ta kanga a kunne, tana nuna shi da cokali.

Aljihun Mista Pomeroy ya fara kiɗa.

Idanu suka bi tsinin cokalin nan tun daga hawa na huɗu har zuwa ƙirjinsa. Wayar ta yi ta kuka, shi kuwa ya ƙura wa kogi ido.

Misis Ashby ta dogara sandarta, ta faɗi magana mafi tsawo da ta yi a ranar.

"Ɗauka mana, Mista Pomeroy. Matar jahilin ce ke nemanka."

Kujerar kwamiti wani likitan haƙori aka ba. Gilashin hawa na huɗu kuwa an zuba masa labule mai kauri, ba a ƙara ɗagawa ba. Dawisu yana gaya wa duk wanda ya tsaya saurare cewa shi ya janye jikinsa, don jama'a su ɗanɗani rashinsa.

Suna ɗanɗana kuwa. Tun daga ranar nan, taron ya ninka.