Ɓular da Na Toshe a Kwoi

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na yi wa Baba Yohanna alheri a Kwoi, alherin da har gobe nake yi wa istigfari.

Ni ɗan kasuwar citta ne a Kafanchan, kamar mahaifina, Allah ya jiƙansa. Amma a gaban malami na tashi, ina kwafar littattafan ajami. Malaminmu ba ya barin yagaggiyar takarda ta kwana ba a liƙe ta ba, kuma wannan hali ya bi ni har furfura. In na ga abu ya fashe, hannuna ƙaiƙayi yake yi. (Uwargida ta ce wannan ba hali ba ne, ciwo ne.)

Baba Yohanna tsohon kofur ne, ya yi yaƙin basasa, ya dawo ya rungumi gonar citta. Tun zamanin mahaifina ba ya sayar wa kowa sai gidanmu, har zumunci ya wuce na ciniki. Duk shekara bayan an haƙe citta, tsofaffin sojoji sukan taru a gidansa, kowa da abin da ya dawo da shi daga fagen daga. Wata shekara ya ce mini, "Malam, ka zo. Fasto zai yi addu'ansa, kai ma ka yi naka. Ubangiji ba ya gajiya da ji."

Na yi sammako, na tarar Baba ya tafi coci aron kujeru, matarsa Mama Saratu tana fama da tukwane a bayan gida. A tsakar gida akwai benci lulluɓe da farin zane, iska ta ɗage gefensa. Sai ga wani tsohon kwano mai kusurwa huɗu, ya yi baƙi, ya lotse, ga ɓula a gindinsa wadda yatsa zai shiga. Tausayi ya kama ni. Na ce a raina, dattijo kamar wannan yana cin abinci a kwano mai yoyo? Ban tsaya na tambayi kaina me ya sa ake lulluɓe kwano mai yoyo da farin zane ba. Na tuna dai cewa sadakar ɓoye ta fi lada.

Na cusa shi cikin riga, na nufi bakin tasha wurin mai facin tukwane. Ya buge lotsawar, ya toshe ɓular, ya goge da toka. (Ni da bakina na ce masa ya ƙara gogewa.) Na dawo na mayar da shi ƙarƙashin zane, na zauna ina jan carbi, ina jin daɗin kaina.

Da jama'a suka hallara, Fasto ya yi nasa, na yi nawa, aka ci shinkafa. Wannan ya fito da hularsa da asu ya ci, wancan ya fito da lambar girma. Wani dogon tsoho, Sajan Bitrus, ya ɗaura bel ɗinsa, ya ƙi zagaye cikinsa, aka yi ta dariya. Sannan Baba Yohanna ya miƙe.

"Muna cikin rami," in ji shi, "ruwan sama yana dukanmu. Kwanona yana cikin jaka a bayana. Sai na ji kamar jaki ya harbe ni."

Sajan Bitrus ya ce, "Kofur, ƙusa ne ya huda kwanon nan. Kowane shekara ina gaya maka."

"Oga, yi shiru, kai lokacin kana ɓoye bayan mai dafa abinci."

Na kusa da ni ya raɗa mini cewa yanzu za a zagaya da kwanon, kowa ya zura yatsa a inda harsashi ya shiga, ya ce mun gode Allah. Carbina ya tsaya cak.

Baba ya yaye zane. Kwano ya haska kamar na amarya. Ya juya shi, ya sake juyawa, yana lalube da yatsa. Ya cire tabarau ya goge. Sai ya kira matarsa a hankali, "Saratu, wa ya ɗauki kwanona ya kawo na wani?"

Ba wanda ya yi dariya. Na so ƙasa ta tsage, amma ƙasar Kwoi citta take fitarwa, ba ta haɗiye malamai. Na miƙe, na cire hula, na faɗi komai, har da ƙarin gogewar.

Sai Sajan Bitrus ya gyara murya. "Malam, ka san abin da ka yi? Shekaru nawa ina tsokanan mutumin nan da ƙusa, yanzu ka sa dole in faɗi gaskiya. Ni na ciro harsashin daga jakansa, da hannuna. Da zafinsa ma."

Baba Yohanna ya dube shi ya daɗe, sannan ya dube ni. "Ka ga ramin kwanon da idonka, Malam?"

Na ce na gani.

"Yatsa zai shiga?"

Na ce har babban yatsa.

"To, daga yau kai ne ramin. Kowane shekara ka zo."

Haka kuwa ake yi. Cittarsa tana nan tana zuwa rumbuna, ni kuma duk shekara nakan tsaya kusa da benci, tsakanin hula da bel. In Baba ya kai wurin harbin jaki, sai ya nuna ni, in rantse cewa na ga ɓula. Tsofaffin nan su bi layi, kowa ya dangwale ni da yatsa a ciki, ya ce mun gode Allah. Sajan Bitrus sau biyu yake yi.

Har yanzu hannuna yana ƙaiƙayi in na ga abu ya fashe. Sai dai na koyi cusa shi a aljihu, in fara tambayar mai abin ko yana so a gyara.