Tuffar da na shuka a Sabon Gari

A shekarar fari, zamanin mulkin soja, ruwan famfo ya yi wuya a Maraɗi, furannin ƙofar gidana duk suka bushe. Ni kuwa malamin lakwal ne, wato makarantar boko, ana ce mini Mushe kamar kowane malami, ban saba tambayar manomi ba. Na buɗe wani littafin Faransanci da ya kasa tsirrai gida uku bisa ruwan da suke sha. A sahun masu haƙuri da ƙishirwa na ga suna mai kalmar "pomme", wato tuffa. Nan take na rubuta wa wani abokina a Yamai, ya aiko mini da irin a ambulan.

Na shuka layi guda, na kewaye da ƙaya saboda awaki, na yi wa maƙwabta alkawarin tuffa. Awakin ko kallon wurin ba su yi ba, na ce ba su san abin Turai ba ne.

Da ganye ya buɗe, surukina ya zo daga Jiratawa, inda ya tsufa yana noman lambu. Ya tsinki ganye ɗaya, farin ruwa ya ɗigo. Ya dube ni ya ce:

"Mushe, tumfafiya ce kake ma shinge? Ga ta can cike da bayan gari, ba mai so." Ashe sunan tumfafiya ne a Faransanci yake ɗauke da kalmar "pomme".

Har yau, in muka bi hanyar Tibiri, matata takan nuna gefen titi ta ce, "Maigida, lambunka ya yi kyau bana."